Baƙin Dangwale

Shama'un na cikin goge bayan goɗiyar gidansu da tsumma, yayarsa Rubina ta fito daga ɗaki rungume da wani abu a naɗe cikin koren ƙyalle.

"Wanke hannunka," ta ce.

"Baji, aiki nake yi. Mai gasa bulo zai zo ganinta. In ya same ta da datti cewa zai yi tsohuwa ce."

"Ai tsohuwar ce. Wanke hannunka na ce."

Ya jefa tsumman a bokiti, ya nufi famfo. Jiya aka yi addu'ar arba'in ta mahaifinsu, Lazar Masih mai tanga, wato keken dokin haya, kujerun da aka aro daga coci ma suna nan jingine da bango. Shama'un bai samu jana'izar ba. Yana Karachi labarin ya iske shi, jirgin ƙasa ya yini ya kwana da shi a hanya, ya iso garinsu Pasrur ya tarar da tudun ƙasa da furannin da suka fara yaushi. Yau kuma motar ƙarfe huɗu zai bi zuwa Lahore, gobe da yamma ya hau jirgin sama zuwa Maskat ta ƙasar Larabawa, inda aka samo masa aikin walda. Abin da ya rage kawai shi ne a rabu da Nuri, goɗiyar da ta ja tangar babansu shekara goma sha huɗu.

Rubina ta warware ƙyallen a kan gadon igiya. Littafi Mai Tsarki ne na gidansu, bangonsa ya sha hannu har ya yi laushi.

Abba ji, kamar yadda suke kiran mahaifin nasu, bai taɓa iya karatu ba. Amma yana da wata al'ada da ya gada wurin nasa uban. Duk ranar da wani zai bar gidan, sai ya yi addu'a, ya runtse ido, ya buɗe littafin, ya sa a karanta masa inda ya buɗe. Daga nan ya aro tawadar hatimin coci, ya dangwala babban yatsansa a gefen shafin. Akwai dangwalen ranar auren Rubina. Akwai na ranar da aka kai mahaifiyarsu Ammi asibiti ba ta dawo ba. Shama'un dai ya san ba shi da ko ɗaya, don shi ba ya barin gida da sallama. Tun da ya watsar da makaranta a aji shida, sau huɗu yana sulalewa da asuba: Lahore, Faisalabad, Lahore kuma, sannan Karachi.

"Jiya na gani ina kakkaɓe shi," in ji Rubina.

Ta buɗe inda aka sa gashin wutsiyar doki ya zama alama. Ɗan hotonsa na makaranta na maƙale a tsakiya, kunnuwa kamar faifai. A gefen shafin ga dangwale, babba, baƙi ƙirin.

Ya sunkuya yana bin layin da yatsa. Karatunsa tafiyar tsohon jaki ce, sai ya tsaya ya huta. Labarin yaƙe-yaƙen Sarki Dawuda ne, yadda ya ci wannan ƙasa ya ci waccan, har ya kara da wani sarki mai suna Hadadezer a hanyar babban kogi, ya ƙwace masa mayaƙa da karusai. Daidai inda yatsan ya fi zama, sai ga abin da aka yi da dawakan da aka kama: sarkin ya sa an yanke musu agara duka, ya bar na karusa ɗari kawai.

Shama'un ya ji wani sanyi ya bi bayan dugadugansa.

Daren da ya bar gida na ƙarshe, Abba ji ya miƙo masa linzami ya ce gwiwoyinsa sun gaji, ya karɓi tangar. Shi kuwa ya ce shi ba doki ba ne da za a ɗaure a turke. Tsohon ya daɗe yana kallon ƙafafunsa, sannan ya ce, "Waɗannan ƙafafun naka su za su kashe ni." Maganarsu ta ƙarshe ke nan.

"Kin gani ko?" ya ce. "Baki ya yi mini."

"Abba ji? Ko kaza bai taɓa yi wa baki ba."

"Kaza ba ta taɓa gaya masa abin da na gaya masa ba."

"To ni dai na ba ka. Da na ɓoye, wata rana ka ce na ci amanarka." Ta ja mayafinta ta share hanci. "Ga gurasar roti can tana sanyi."

Bai ci ba. Ya naɗe littafin, ya saƙale shi a hammata, ya fita.

Ya tarar da limaminsu, Padri Sahib Asher, a kan tsani cikin coci, yana fama da fankar da ta ƙi juyawa. Saurayi ne, bai girme shi da fiye da shekara uku ba, kuma bai cika shekara da zuwa garin ba.

"Mai walda! Allah ne ya kawo ka. Ka san kan fanka?"

"Padri Sahib, aya na kawo."

Padri ya sauko, ya goge hannu a wando, ya gyara tabarau. Da ya ga wurin sai fuskarsa ta washe kamar wanda ya haɗu da ɗan garinsu a baƙon wuri. Ya juya can bayan littafin inda taswira take, ya nuna masa Dimashƙu, ya nuna kogin Yufiretis, ya ja yatsa daga can har bakin Masar. Ya ce doki da karusa a wancan zamani su ne tankar yaƙi. Ya ce tun da farko an gargaɗi duk wanda zai yi sarautar Isra'ila kada ya tara dawaki, don kada zuciyarsa ta koma dogara da su ta manta wanda ya ba shi nasarar. Shi ya sa sarkin ya lalata ƙarfin da ya faɗo hannunsa, ya rage kaɗan.

Shama'un na tsaye yana kaɗa ƙafa.

"Padri Sahib, ni ba tarihin sarki na zo tambaya ba. Mutum ne ya buɗe wa ɗansa littafi, ya dangwala yatsa a kan yanke ƙafa. Me yake nufi?"

Padri ya sake duba shafin, a hankali wannan karon.

"Ka karanta har ƙasa? Duba nan, layi biyar kawai. An ce Ubangiji ya tsare Dawuda duk inda ya tafi. Ga bakin yatsan ya taɓo wurin."

Shama'un ya duba. Gaskiya ne, ƙasan dangwalen ya ɗan shafi farkon wannan layi, kamar yadda ruwa ke lasar bakin gaɓa. Amma cikin yatsan, inda zanen ya yi zobe-zobe, yana kan dawakan.

"Rarrashina kake yi."

"Rabin aikina ke nan," in ji Padri. "Amma ban ƙirƙiri layin ba."

"Kai ka karanta masa?"

"Ni ban zo ba tukuna lokacin da ka tafi. Kuma wannan ba tawadarmu ba ce. Tamu shuɗiya ce, ga na Rubina ka gani." Ya kai shafin hanci ya yamutsa fuska. "Wannan warin sabon titi yake yi."

Shama'un ya karɓa ya shinshina. Wari ne da ya sani tun yana rarrafe: man kofato, wanda ake haɗawa da kwalta. Mutum ɗaya ne ya rage a Pasrur da ke da gwangwaninsa.

Tashar tanga tana bayan kasuwar hatsi, ƙarƙashin wata tsohuwar darbejiya. Da can tanga talatin ke jeruwa a wurin. Yanzu huɗu ne, babura masu ƙafa uku sun cinye sauran. Ustad Ditta maƙeri na durƙushe da ƙafar wani farin doki a kan cinyarsa, ƙusoshi uku a bakinsa. Shekara arba'in suna shan shayi da Lazar Masih a kan benci ɗaya, shi yana tashi ya tafi masallaci, wancan ya tsare masa wuta.

Ya tofar da ƙusoshin a tafin hannu.

"A'a, ga Gwamnan Karachi! An ce yanzu Larabawa ne suka aiko a kai musu kai. Su ma sun gaji da zaman lafiya?"

"Salam, Ustad ji."

"Salam. Me ka ƙunso a hammata kamar ɓarawon kaza?"

Da ya ga koren ƙyallen sai ya daina dariya. Ya ƙarasa buga ƙusoshin, ya saki ƙafar dokin, ya je randa ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ya goge da rawaninsa. Sannan ya zauna a benci ya miƙo hannu biyu.

"Kai ka karanta masa," in ji Shama'un.

"Wa kuma? Ni nake karanta musu jarida a nan tun ba a haife ka ba. Ranar da ka gudu, ko shayi bai sha ba ya iso nan da shi. Ya ce ba zai je coci ba, kunya yake ji a ce ɗan Lazar ya sake tsallake katanga. A nan ya rufe ido ya buɗe." Ya shafa shafin da bayan yatsa. "Da na ga sunan Annabi Dawuda, alaihissalam, na ce Lazar ka yi sa'a, maƙeri ne irina, ƙarfe a hannunsa kamar ƙullun roti."

"Sai me ya ce?"

"Ka zauna mana, puttar, ɗana. Tsayuwar nan taka tana sa ni jiri."

Ya zauna a bakin bencin.

"Ina karantawa yana gyaɗa kai. An ci wannan gari, an ci wancan. Da na zo kan dawakan sai ya miƙe tsaye. Ya ce, 'Ditta, ƙarya kake, ka ƙara da naka.' Na ce ni da littafinku? Na sake karantawa. Ya koma ya zauna, ya riƙe kai. Can ya ce, 'To, Allah ya ga zuciyata. Da zan iya, da haka na yi wa yaron nan. Ya zauna a gabana, ni in riƙa ba shi abinci a baki.'"

Shama'un ya miƙo hannu zai karɓi littafin.

"Shi ke nan. Na ji."

Ustad Ditta ya buge hannun.

"Jaki. Haka ka yi wa makaranta, haka ka yi wa ubanka, ba a gama magana ka kama hanya. Zauna."

Mai shayi ya ajiye musu kofi biyu. Ba wanda ya taɓa nasa.

"Sai ya ce da ni, 'Ɗarin nan da ya bari fa, don me?' Na ce don hawan sarauta mana, sarki zai tafi a ƙasa ne? Ya ce a'a, kai ƙafar doki ka sani, ba ka san doki ba. Ka ji fa, ni! Ya ce duk wanda ya yi zama da dawaki ya san akwai irin da in ka tsayar da shi wuri ɗaya ba zai yi ƙiba ba, ba zai yi laushi ba, mutuwa zai yi a tsaye. Ya ce sarkin ya bi layi yana duba idanunsu, ya gane su ɗaya bayan ɗaya, hannunsa ya kasa. Su ne ɗarin. Na ce ina aka rubuta haka? Ya ce ba sai an rubuta ba."

"Padri Sahib ba haka ya ce ba."

"Padri Sahib ya taɓa kwana da doki mai ciwon ciki? To. Sai ubanka ya ce ci gaba. Na ci gaba har inda aka ce an tsare shi duk inda ya tafi. Ya ce maimaita. Na maimaita. Sau uku ya sa ni. Ana nan aka kawo mini wani doki da takalminsa ya cire, na tashi. Ina juyowa na ga ya tsoma yatsa a gwangwanina ya dangwala. Na ce Lazar, littafi mai tsarki da man kofato? Ya ce shi ne tawadar da ya sani."

Shama'un ya ƙura wa baƙin zoben ido.

"To a ina ya nufa, Ustad ji? Sama ko ƙasa?"

"Mutumin da bai san alif ba ko ta zo ta gaishe shi? Shafin ya sani, bai san layi ba. Ni kuma ba zan yi wa mamaci ƙarya don in faranta maka ba. Duka biyun ya ji, duka biyun ya faɗa." Ya naɗe littafin ya miƙa masa. "An ce wurin gasa bulo za ka kai Nuri."

"Na riga na ba da baki."

"Ka san abin da bulo ke yi wa bayan doki. Ka bar ta a nan ta ci da nawa. Sarki ya bar ɗari, kai ɗaya ta gagare ka?"

"Ba ni da lokacin wannan, Ustad ji."

"Yaushe ka taɓa samun lokaci?"

A gida Rubina ta gaya masa mai gasa bulon ya bugo waya, ba zai iso ba sai magariba. Ta cusa masa roti da ɗanyen mangwaro mai yaji a jaka, ta cusa littafin a sama, ta ce ita ba za ta tasha ba, ta gaji da kallon bayan mota. A bakin ƙofa ta kama kansa ta sumbaci goshinsa, ta tura shi waje da ƙarfi.

Ya ɗaura wa Nuri tangar da kansa. Ya ce ta kai shi tasha, in ya so ya aika Ustad Ditta ya mayar da ita gida kafin mai sayen ya zo. Kwana arba'in ba ta fita ba, tana jin kwalta a ƙarƙashin kofatonta ta ɗaga kai, ƙararrawar wuyanta ta kama kaɗawa. Suka wuce coci, suka wuce kasuwar hatsi. Gonakin alkama sun yi ja a bayan gari, ana ta yanka.

Da suka iso tashar mota ya ja linzami dama, wajen ƙofar shiga. Nuri ta ƙi. Ta karkata hagu, ta tsallaka titi, ta je jikin wata katanga kusa da mai matse rake, ta juya tangar da kanta har fuskarta ta dubi inda motoci ke tsayawa. Sannan ta tsaya cak.

"Ke! Can za mu." Ya kaɗa linzami. Ko kunne ba ta motsa ba.

Mai raken ya bar injinsa ya taho yana goge hannu, da guntun mazarƙwaila a tafinsa.

"Nuri! Ina kika shiga? Kwana arba'in wurinki ba kowa." Ya ba ta, sannan ya ɗaga kai. "Kai ne ɗan? Na Karachi? Allah ya jiƙan baffanmu Chacha Lazar. Kada ka wahalar da hannunka, ba za ta gusa ba sai motar Lahore ta sauke mutum na ƙarshe."

"Fasinja yake ɗauka a nan?"

"Wane fasinja? Shekara guda, kullum ƙarfe huɗu saura yana nan. In mutum ya zo da kaya zai hau, sai ya ce an riga an kama. Mu har tsokanarsa muke yi, mu ce Chacha, wannan fasinja naka a ƙasa yake tahowa? In motar ta zama wayam, sai ya ce to, sai gobe, su juya."

Shama'un ya duba kujerar baya ta tangar, inda fasinja ke zama. Fatar ko'ina ta tsattsage, ban da nan. An sake mata sabuwa, ja, an ɗinke da zaren da Abba ji ke gyaran linzami da shi.

Motar ta shigo da ƙura da hon. Nuri ta miƙe kunnuwa. Mutane suka fara sauka: sojoji biyu, wata mata da jariri, ɗalibai, wani tsoho da fanka a kwali. Kanta na bin kowa daga matakala har ƙasa, sannan ya koma kan ƙofar.

Ya roƙi mai raken ya aika a kira Ustad Ditta. Ya ɗauki jakarsa ya tsallaka titi ta bayan motar, ya shiga ta ƙofar baya tare da masu turereniya, ya sami wuri a jikin taga. Kwandasta na buga jikin motar yana kiran Lahore, Lahore. Direba ya tayar da inji.

Ta tagar yana hango ta. Mutum na ƙarshe ya daɗe da sauka, amma ba wanda ya ce mata sai gobe. Tana nan tsaye, tsohuwar goɗiya da tanga ba kowa, idonta a kan ƙofar gaba.

Ya ɗora hannu a kan jakar, ya ji kaurin littafin ta cikin yadi. Sannan ya miƙe, ya kutsa tsakanin mutane da buhuna har gaba.

"Ina kuma za ka?" in ji kwandasta. "Yanzu za mu tashi."

"Gobe da safe akwai mota?"

"Kullum akwai mota. Sauka in za ka sauka."

Ya sauka ta ƙofar gaba, da jakarsa a kafaɗa, kamar wanda ya zo daga nesa. Nuri ta yi wani ɗan gunji ta hanci, ta buga ƙafa sau ɗaya. Ya tsallaka titi. Bai hau mazaunin mai tuƙi ba. Ya zagaya ya zauna a kan jar kujerar, ya ɗora jakar a cinya.

Tangar ta motsa.

A kusa da kasuwar hatsi suka yi kiciɓis da Ustad Ditta, yana tahowa da sauri rawaninsa na warwarewa. Ya tsaya baki buɗe.

"Gwamna, motar ce ta ƙi ka?"

"Gobe da safe ka zo ka tafi da ita wurinka, Ustad ji. Zan gaya wa mai bulon. Tana son mazarƙwaila kafin ta sha ruwa."

"Ni za ka koya wa?"

Nuri ba ta tsaya jin sauran ba. Ta bi ta gaban coci, ta shiga lungunsu, linzamin na rataye a jikin ƙarfe yana lilo, ba wanda ya taɓa shi har ƙofar gida.